Idonsa na Hagu

Akwai wani Ba'amurke ɗan ƙwallon kwando da ya yi shekara goma da ɗoriya yana yawo ƙasa ƙasa da jaka biyu, wasansa ne abincinsa. Yanzu ya daina wasa, kuma ni na tsayar da shi. Ban yi masa sharri ba, ban kai ƙararsa gun kowa ba. Aikina kawai na yi, sai dai na yi shi da kyawun da ban taɓa yi ba, kuma na san abin da nake yi tun daga farko har ƙarshe.

Ni 'yar Damagaram ce. Tun ina kwaleji nake hayar littattafan soyayya irin waɗanda 'yan kasuwa ke shigo da su daga Kano, in cusa ɗaya cikin kayen lissafi, littafin da muke rubutu a ciki, ina karantawa malami na ta bayani. A cikinsu na iya rubutun Hausa, a cikinsu kuma na koyi cewa namiji ba ya kallon mace sau biyu a banza. Na karanta Ingilishi a Yamai, daga nan na samu zuwa Lyon karatun haɗa bidiyo. A shekarar ƙarshe aka ce kowa ya nemi wurin sitaj, wato inda zai yi koyon aiki. Abokan karatuna suka nufi gidajen talabijin, ni kuma na faɗa wata ƙaramar ƙungiyar basket, wato ƙwallon kwando, a wajen Saint-Fons da ke gefen Lyon, inda warin masana'antu ke shigowa zauren wasa duk lokacin da aka buɗe ƙofar baya. Aikina in ɗauki wasanni, in zauna in yanka su gunduwa-gunduwa, in ba koci abin da yake son 'yan wasansa su gani game da abokan karawa: wane ne ba ya iya jifa daga nesa, wane ne ke saurin fushi, wane ne ƙafarsa ke mutuwa bayan hutun rabin lokaci. Ban san komai a wasan ba sa'ad da na fara. Amma mai karatun soyayya ta iya zuba wa mutum ido, kuma yawancin aikin ke nan.

Shi a tsakiyar sanyi ya zo. Mai tuƙa mana wasa, wato wanda ƙwallo ke bi ta hannunsa kafin ta kai ga kowa, ya karye a ƙafa, sai aka ɗauko Ba'amurken ya riƙe wurin har wancan ya warke. Ana yin haka a nan, a ɗauki ɗan wasa na 'yan makonni a madadin majinyaci. Ba ya jin Faransanci, koci kuma Ingilishinsa bai wuce na zagi ba, sai aka ce in riƙa yi musu tafinta. Ranar farko da ya ga ɗankwalina ya yi mini sallama cikakkiya, har da wa barakatuhu. Ashe mahaifinsa ya musulunta tun kafin a haife shi. Na amsa, na koma bayan kyamara, na bi su da ita rabin atisaye kafin na lura ban danna maɓallin ɗauka ba.

A cikin bas, in za mu wasan waje, yake ba ni labarin yawonsa. Ya yi wasa a jami'a a ƙasarsu, manyan ƙungiyoyin can ba su waiwaye shi ba, sai wani dillalin 'yan wasa ya samo masa wuri a Finland. Daga can Poland, daga nan Turkiyya, ya yi wata shida a Ajantina, ya dawo. Ko'ina ya je gida ake ba shi da mota da kwantiragin kakar wasa ɗaya, in ya yi wasa uku marasa kyau a jere a nuna masa hanyar filin jirgi. Ba ya sayen abin da ba zai shiga jakunkunansa ba. Ya nuna mini hotuna a wayarsa: wata tsohuwa 'yar Poland da ke dafa masa miyar kabeji yana ce mata mama, da iyalin wani mai gidan burodi a Turkiyya, yara sun hau kafaɗarsa. Ya ce kowane gari ya shiga Allah kan ba shi dangi. Tausayinsa ya cika mini ƙirji har na juya ina kallon gonakin inabi ta taga. Ko sau ɗaya ban tambaye shi yaushe rabon da ya kira tsohuwar ba.

Ranakun hutu mukan taka a bakin kogin Rhône. Duk inda na tsaya sai ya zagayo ya sa ni ta damansa, ko a titi, ko a tiram, jirgin cikin gari, ko a teburin shan kofi. Na ba abin ma'ana iri-iri, duk masu daɗi. Wata ranar Litinin muna kan gada wani mai keke ya fito masa ta hagu, ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi, alhali ni tun daga nesa na ga mutumin. Ya jingina da ƙarfen gadar, sannan ya gaya mini. A Turkiyya wani ya kai masa gwiwar hannu a ido. Idon ya warke, yana karanta duk haruffan da likita ke nunawa a bango, shi ya sa yake wuce gwajin kowace ƙungiya. Amma gefen gani ta hagu ya mutu, kamar an ja labule rabi. Ya koya wa kansa yawan waige-waige, har kociyoyi na yaba masa wai kullum kansa na karanta fili. Ko dillalinsa bai sani ba. Ya ce in maganar ta fita, wasansa ya ƙare.

"Ke kaɗai kika sani a duk nahiyar nan," in ji shi.

Na karɓi maganar kamar an damƙa mini sadaki. Na yi masa alkawari bakina ba zai faɗa wa kowa ba.

Wanda ya karye bai warke da wuri ba, sai aka tsawaita wa Ba'amurken zama har ƙarshen kaka. A watan da sanyi ya fara sauƙi muka samu wasa a Paris, ya ce yana marmarin abincin gida na gaskiya, ya gaji da taliya da kaza. Ina da kawu a Saint-Denis, yayan mahaifiyata, ya fi shekara talatin a can yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje, kuma shi ne uba gare ni a ƙasar nan. Na ce mu je ya ci tuwon Hajiya, matar Kawu. Ya tambaye ni me ake kai wa babba a wurinmu. Na ce ɗan goro da dabino sun isa.

Shi kaɗai ya tafi sayayya Château Rouge, unguwar shagunan mutanenmu. Mai shagon ya tambaye shi ko wurin iyayen yarinya zai je, ya ce e, don gaskiya ce. Mutumin kuwa ya haɗa masa kaya yadda ya san ana haɗawa: ƙwarya biyu ta goro, fari da ja, da katan ɗin alewa, da dabino, da kwalaben turare. Da na tarar da shi a bakin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na goma sha uku, rungume da kayan nan, na tsaya cak. Duk ɗan Hausa ya ga wannan ya san abin da aka zo nema. Daga tashar zuwa benen su Kawu tafiyar minti goma ce. A cikin minti goman nan zan iya cewa mu ajiye kayan wurin wata ƙawata, mu ɗebi goro biyar mu shiga. Ban ce ba. Na bi shi ta damansa ina jin ƙamshin turaren, zuciyata na karanta mini shafin da na fi so a duk littattafan da na taɓa haya. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Kawu ya dubi kayan, ya dube ni, ya shiga ɗaki. Da ya fito babbar riga ce a jikinsa, ya riga ya buga wa dattawa biyu waya, wani mutumin Maraɗi da wani ɗan Tawa da ke benen gaba. Ba'amurken ya durƙusa ya gaishe su yadda na koya masa, gwiwoyinsa har kusa da kunnensa. Ya ci tuwo malmala uku da miyar kuka, gumi na zuba. Aka kira ni daga kicin in yi tafinta, Hajiya na tura ni tana cewa ita dai tun da take ba ta taɓa ganin yarinya na fassara zancen aurenta ba. Suka tambaye shi iyayensa, da sallarsa, da ko wasan nan sana'a ce da ke riƙe gida. Daga ƙarshe Kawu ya ce sun gani sun gode, sauran magana sai manyansa sun zo. Na fassara. Ya ce in Allah ya yarda mahaifinsa zai zo da bazara. Ranar Juma'ar da ta biyo Kawu ya raba goron a ƙofar masallaci, Hajiya ta aika wa mata nasu gida gida, har Bobigny.

A jirgin ƙasa, muna komawa Lyon, na zayyana masa komai. Na gaya masa abin da ƙwaryar goro ke nufi, da abin da dattawan nan suka shaida, da abin da rabon zai jawo. Ya yi dariya har da hawaye. Sannan ya natsu, ya dube ni ya ce, to mene ne aibun hakan, in bari kaka ta ƙare. A nan ƙarata take. Da a jirgin nan ya ce kuskure ne, da na koma na durƙusa gaban Kawu kafin Juma'a, a ji kunya ta kwana biyu a wuce wurin. Bai ce ba. Wata biyu yana kirana amarya, kalmar da Hajiya ta koya masa. Ya ɗaga wa mahaifiyata hannu ta bidiyo, tana rufe baki da mayafi tana cewa a tambaye shi ko yana cin fura.

Ranar Asabar aka yi wasan ƙarshe. Litinin da safe na shiga aiki, manajan ƙungiya ya miƙo mini ambulan da makullai a ciki, ya ce in raka mai gidan haya mu duba ɗakin Ba'amurken, tun da ni na san abin da ke na ƙungiya a ciki. Na ɗauka wani gida aka canza masa. Muka buɗe, babu jakunkunan. An share ko'ina tsaf, ya iya barin gida, ya saba. A kabad ɗin kicin na ga kwalbar yajin da na daka masa, saura rabi. Mai gidan yana ƙirga cokula yana cewa da duk 'yan haya haka suke da ya huta.

Saƙonsa da la'asar ya shigo. Wai wata ƙungiya a Venezuela, inda ake wasa da bazara, ta ba shi kwana ɗaya ya sa hannu. Wai haka aikin yake, ba zai taɓa mantawa da mu ba, in gaida Kawu da Hajiya, mu danginsa ne har abada. Bayan mako biyu ya sa hotonsa da wata tsohuwa mai gashi fari tana zuba masa wake, da kalmomin nan dai na dangi har abada a ƙasa.

Kawu bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya sa hularsa ya bi dattawan nan biyu har gida ya ba su haƙuri, kamar shi ya yi laifi. Ya daina tsayawa hira bayan Juma'a. Mata kuwa ba su da wannan kawaicin. Duk suna, duk biki, sai wata ta tare ni da fara'a: "Amaryar Amurka, mun fa ci goro, har yanzu muna jiran shinkafa." Wata ta ce ko har yanzu yana can yana tsalle. Akwai wani injiniya ɗan Kaduna, mai hankali, da ya fara zuwa gaida Kawu yana tambayata. Aka raɗa masa cewa an riga an kawo gaisuwata, ba a san yadda aka ƙare ba. Bai sake hawa benen ba.

A littattafan da na sani, macen da aka yi wa haka takan yi arziki, ta yi kyau, wata rana a shigo da shi ofishinta yana neman aiki. Na jira irin wannan ranar har na gane ba ta zuwa da kanta. Abin da na yi shi ne bin sa. Kusan duk wasan da ake yi a duniya yanzu ana samunsa a intanet in mutum ya san inda zai duba, ni kuma sana'ata ce. Daga Venezuela ya tafi Romaniya, daga nan Saifurus, daga nan Hangari. Na sauke kowane wasa na adana. Da farko fuskarsa nake nema, in tsayar da hoton daidai inda yake goge gumi da gefen rigarsa. Ban san ranar da na daina kallon fuskar na koma kallon abin da ke tahowa ta hagunsa ba.

Shekara huɗu aka yi haka. Na samu aiki na dindindin a wata ƙungiya ta wajen Bobigny, na dawo gidan Kawu da zama. Ran nan ina duba sunayen waɗanda za mu kara da su, na ga nasa. Wata ƙungiyar kusa da Lyon, ba tamu ta da ba, ta ɗauke shi mako shida a madadin wani majinyaci, da sharaɗin in ya yi kyau su riƙe shi har ƙarshen kaka. Wasan ƙarshe na makonni shidan da mu ne, a zaurenmu, ranar Lahadi da yamma. Na san abin da wannan ke nufi. Ya haura talatin da 'yan kai, ƙafarsa ta rage sauri. Mai irin shekarunsa in aka sallame shi a tsakiyar kaka, ƙananan ƙasashe ma sai sun yi nazari kafin su amsa wayar dillalinsa. Na rufe kwamfutar, na shiga banɗaki na wanke fuska, na ga ina murmushi a madubi.

Na buɗe ajiyata ta shekara huɗu. A kowane wasa akan samu sau ɗaya ko biyu da wani ya fito masa ta bayan kafaɗar hagu ya fizge ƙwallo. Babu wanda ya yi da gangan, dace ne, kuma abin ya warwatsu a ƙasashe huɗu, ba wanda ya taɓa jera su wuri ɗaya. Ni na jera. Na yanka kowanne daga daƙiƙa uku kafin fizgar, na rage gudun hoton, na zana da'ira ja a kan mai tahowa. In aka kalle su bi da bi, ko wanda bai san wasan ba zai ga mutumin nan ba ya ganin abin da ke gefen. Ban rubuta kalmar ido ko sau ɗaya ba. Alkawarin da na yi na baki ne, kuma bakina bai faɗa ba.

Kocinmu, wani dattijo mai ƙaramin gemu da ba ya yabon kowa, ya kalli montaj ɗin, wato bidiyon da na haɗa, sau biyu. Sannan ya cire tabarau ya tambaye ni me mutumin nan ya yi mini. Na ce ba komai, aiki ne. Ya ce Allah ya sa kada wata rana in yi aiki a kansa.

Kwana uku aka yi ana atisayen tarkon. Mai tsaronsa zai buɗe masa dama, ya bar shi ya bi can yana jin daɗi, na biyu kuma ya laɓe ta hagu ya jira sai ya ɗaga kai yana neman kwando. Ni da ban taɓa sa baki a atisaye ba, na sauko daga bene na tsaya a gefen fili. Na ce wa na biyun ya ƙara ja baya taki ɗaya, don daga inda yake tsaye za a iya hango shi. Ya tambaye ni yadda aka yi na sani. Na ce ya ja baya kawai.

Ranar Lahadi na ɗaura atamfata mafi tsada, na turara jikina, na sa kwalli. Na ce wa Kawu ko zai zo kallo, ya ce shi ya wuce shekarun zuwa kallon ƙarti da gajeren wando. Bai san wanda ke cikin ƙartin ba, ban kuma gaya masa ba. Na hau can sama inda kyamara ke zama tun kafin a buɗe wa 'yan kallo ƙofa. Da suka fito ɗumama jiki na jawo shi kusa da gilashin kyamara. Furfura ta fara fito masa a gemu. Yana nan da ɗabi'arsa ta taɓa ƙasan fili ya shafa a ƙirji. Zuciyata ta buga irin bugun da, na bar ta ta gama.

Ba a yi minti biyu da farawa ba aka fizge ta farko. Ya waiga yana neman inda mutumin ya fito. Aka fizge ta biyu, aka fizge ta uku, duk ta wuri guda, duk 'yan wasanmu suka je suka zura ba mai tare su. Sai ya fara abin da na san zai yi, ya ninka waige-waigen. Kansa na juyawa, ƙwallo na jinkiri a hannunsa, abokan wasansa na ɗaga hannu suna jira har lokaci ya ƙure. Kocinsu ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Bayan hutun rabin lokaci wani nasu ya jefo masa ƙwallo da ƙarfi ta hagu, ta same shi a kunci, ta yi waje. Zauren ya ɗauki dariya. Na ji wani sanyi ya ratsa ni tun daga maƙogwaro har ciki, irin na kurɓin farko ranar azumi mai zafi. Ban ji tausayi ba. Na duba ko zan ji, ban samu ba. Aka fitar da shi, ya zauna ƙarshen benci ya rufe kansa da tawul, ba a sake sa shi ba.

Ina naɗe wayoyin kyamara a lungun da ke bayan ɗakunan canza kaya ya fito da jakarsa a kafaɗa, kuncinsa a kumbure. Ya tsaya, fuskarsa ta washe, ya yi mini sallama cikakkiya irin ta ranar farko. Ya ce ƙanwata, ashe nan kike. Ya ce na ƙara kyau, ya tambayi Kawu da Hajiya da tuwo. Sannan ya rage murya ya ce yana jin jibi za su sallame shi, dillalinsa zai buƙaci sabon bidiyon wasanninsa masu kyau don aika wa ƙungiyoyi, kuma bai taɓa samun mai yanka kamar ni ba. Ko zan taimaka?

Ashe bai gane ba. Shekara huɗu ina shirya masa abu, yana tsaye gabana yana ɗauka rashin sa'a ce.

Na ce, "Ka lura ta inda suke fito maka yau?"

Ya ce ya lura.

"Ni na nuna musu."

Ya sauke jakar ƙasa. Ya juyo da kansa sosai don ya sa ni a idonsa mai kyau, ya tambaye ni ko na faɗa musu maganar. Na ce ban faɗa ba, hotuna na jera. Ya gyaɗa kai a hankali. Na tsaya ina jiran zagi, ko hawaye, ko ya ce in yafe masa, na ma tanadi amsar kowanne tun a metiro. Sai ya ce aiki ne mai kyau, da shi ne koci da ya ƙara mini matsayi. Ya ce haka aikin yake.

Raina ya ɓaci fiye da ranar makullai. Na gaya masa yadda Kawu ya bi gidaje yana ba da haƙuri da furfurarsa, da sunan da mata suka laƙaba mini, da goron da har yau ake tambayata. Ya saurara da gaske, goshinsa a tamke, kamar mai jin labarin wata ƙasa da bai taɓa zuwa ba.

"Ai na ɗauka za ki yi musu bayani," in ji shi. "Ke ce tafinta."

Wani daga ƙungiyarsu ya leƙo ya ce bas na jira. Ya ɗauki jakarsa, ya ɗan tsaya, ya ce to bidiyon fa. Na ce ya nemi wani.

Ranar Talata suka sallame shi. Na gaya wa Kawu muna cin abincin rana, ban ɓoye komai ba sai maganar idon. Ya daɗe yana juya cokali, ya ce shi ya yafe wa yaron tun tuni, da na tambaye shi da ya ce in bari. Hajiya ta ƙaro mini nama.

Bayan wata guda wani koci daga Fotugal ya rubuto wa kocinmu. Mai tuƙa musu wasa ya ji ciwo, dillalin Ba'amurken ya yi musu tayinsa, sun ga mun kara da shi kwanan nan, suna son jin ra'ayinmu kafin su sa hannu. Ana yawan yin irin wannan tambayar tsakanin ƙungiyoyi, kuma yawanci layi biyu ake mayarwa, a ce mutumin kirki ne, ƙwararre, ya san aiki. Duk gaskiya ne a kansa. Koci ya turo mini wasiƙar ya ce in amsa yadda na ga dama, tun da na fi shi sanin mutumin.

Na karanta ta sau uku. Na tuna maganar Kawu, na tashi na zagaya zauren da babu kowa, na dawo na zauna. Na buɗe montaj ɗin na ƙara masa na ranar Lahadi, har da wadda ta same shi a kunci, na gyara da'irorin da suka ɗan karkace. Na rubuta musu cewa mutumin kirki ne, ƙwararre, ya san aiki, ga kuma ɗan abin da muka yi amfani da shi ko zai yi musu amfani. Na tura kafin azahar, na sauka na yi alwala.

Wani ɗan Sabiya suka ɗauka. Shi kuwa bai sake sa hannu a ko'ina ba. Sai da na yi kaka biyu ina dubawa kafin na yarda.